Walker ba matafiyi ba ne

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin Turanci ne a wata sakandare. Wani ɗalibina mai son ƙwallo ya tambaye ni ma'anar sunan ɗan wasan nan Kyle Walker, na ce masa mai tafiya a ƙasa ake nufi, wataƙila kakansu matafiyi ne. Na dawo gida zuciyata ba ta kwanta ba. Haka ne kuwa? Sannan duk masu wannan suna dangi ɗaya ne? Don na taɓa aiki da wani Bature mai irin sunan.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira, kai da ɗalibin naka. Amsar da ka ba shi ita ce yawancin mutanen Ingila za su ba ka idan ka tare su a titi, don haka babu abin jin kunya. Sai dai gara da zuciyar taka ta ƙi kwanciya. Kakan masu sunan Walker ya yi aiki da ƙafafunsa, wannan gaskiya ne, amma yana wuri ɗaya, ko nan da ƙofa bai je ba. Sana'arsa tattaka ƙyallen ulu ne a cikin kwami.

Sai na ɗan kai ka wurin aikin kafin sunan ya fito fili. A Ingila ta shekaru ɗari bakwai zuwa takwas da suka wuce, babu abin da ya kai gashin tumaki kawo kuɗi. Gashin nan da maiƙonsa yake zuwa, kuma kafin a kaɗa shi ya zama zare sai an ƙara shafa masa mai don ya yi laushi. Saboda haka in masaƙi ya sauke ƙyalle, ba abin sawa ba ne tukuna. Sakwa-sakwa yake, ka ɗaga shi kana hangen rana ta tsakanin zaren, ga ƙarni, ga datti. A nan ne mutuminmu yake shigowa. Zai nannaɗe ƙyallen ya jefa a kwami, ya zuba ruwa, ya zuba fitsarin da ya kwana biyu, ya naɗe wando ya shiga da ƙafa. In ka taɓa tsayawa ka kalli masu kwaɓin ƙasar gini, yadda suke dannawa da diddige suna juyawa suna sake dannawa, to ka ga aikin. Yini guda zai yi yana wannan, ruwan sanyi har ƙauri, wari yana hawa masa ka.

Fitsarin ba wauta ba ce. In ya tsufa yakan fitar da sinadarin amoniya, shi kuwa yana narkar da maiƙo kamar yadda sabulu ke yi. Sukan haɗa da wata irin laka mai tsotse mai, wadda ake haƙowa a wurare irin su Nutfield da Woburn da kewayen Bath. Lakar nan ta yi daraja har hukuma ta taɓa hana fitar da ita waje don kada masaƙan ƙetare su amfana. Amma wanki rabin aikin ne. Gashin tunkiya yana da ƙananan ɓawo a jikin kowane sili, in ya sha danshi da matsi sai silin ya riƙa cafke juna. Ƙyallen sai ya tsuke, wani lokaci har kashi ɗaya cikin uku, ya yi kauri, ya cure har ba ka iya bambance zare da abawa. Irin wannan ƙyalle in ka yanka shi da almakashi bakinsa ba ya warwarewa, iska ba ta ratsa shi, yayyafi ma sai ya daɗe kafin ya shiga. A ƙasar da sanyi yake kisa, wannan ba kwalliya ba ce. Daga nan a ɗauraye, a shanya a kan wani dogon katako mai jerin ƙugiyoyi a miƙar da shi, a taje shi da kan wani tsiro mai ƙaya irin ta ƙarangiya, mai almakashi ya bi ya daidaita gashin.

Mutumin Kano ko Kura da ya ji wannan zai tuna da 'yan bugu, waɗanda suke zaune gaban gungume suna luguden zane bayan ya fito daga marina. Akwai kama, don duka biyun aikin ƙarshe ne da ke mayar da saƙa ta zama kayan kasuwa. Amma kada mu haɗa su. Bugu sheƙi yake sa wa auduga, tattaka kuwa kauri take sa wa ulu.

To ina sunan ya fito? A tsohon Turanci, wanda ake yi kafin shekarar 1100, akwai aikatau wealcan, ma'anarsa murɗawa ko juyawa ko birgima. Mai cuɗa ƙyalle shi ne wealcere. Ma'anar tafiya a ƙasa daga baya ta shigo wa kalmar, wajen shekarar 1200, ta zo ta danne ta farko har aka manta da ita. A Jamusanci kuwa har gobe walken yana nufin cuɗa ƙyalle ko fata. Ka ga ke nan sunan ya riƙe tsohuwar ma'ana, harshen ya yi gaba ya bar shi a baya. Wannan shi ya ruɗe ka, kuma shi yake ruɗar masu sunan su kansu.

Abin da ya fi burge ni a wannan suna shi ne yana da 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, waɗanda ba su yi kama da shi ba ko kaɗan: Fuller da Tucker. Sana'a ɗaya ce, suna uku, kowanne da yankinsa. A arewacin Ingila, musamman Yorkshire da Lancashire, da wani ɓangare na tsakiyar ƙasar, har zuwa Skotland, Walker ake cewa. A kudu maso gabas, wajen Kent da Sussex da Norfolk, Fuller ake cewa, kalmar da ta samo asali daga fullo na Latin, Faransanci kuma ya ƙara mata ƙarfi. A kudu maso yamma, Devon da Somerset da Cornwall, Tucker ne, daga wani tsohon aikatau mai nufin gallazawa ko azabtarwa. Ni dai ina ganin mutanen Devon sun fi kowa faɗin gaskiya, don ƙyallen nan ya sha azaba. A birnin Exeter har yau ginin ƙungiyar masu wannan sana'a yana tsaye, ana kiransa Tuckers Hall, an gina shi a 1471. Kamar dai yadda Bakano da Basakkwace za su kira abu ɗaya da suna biyu ne, sai a ce kalmar kowa ta manne wa zuriyarsa. Masu nazarin sunaye da suka ɗauki ƙidayar jama'a ta 1881 suka zana taswirar inda kowane suna ya fi yawa, sun tarar rabon nan yana nan daram, bayan shekara ɗari biyar.

Sauran abokan aikinsu ma duk sun bar suna. Webb da Webster da Weaver masaƙa ne. Dyer da Lister da Dexter marina ne. Sherman shi ne mai almakashin nan na ƙarshe. In ka jera su ka jera unguwa guda ta masu tufafi.

Yanzu yaya aka yi laƙabin sana'a ya zama abin gado? Kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila da yaƙi a 1066 ƙarƙashin William, suna ɗaya mutum yake da shi, in an ga dama a ƙara masa laƙabi, ya mutu da abinsa. Manyan Normawa ne suka fara riƙe suna na biyu, yawanci sunan garinsu na Faransa ko na gandun da aka ba su, domin sunan hujja ce ta gadon ƙasa. Ana ganin irinsu a babban kundin ƙidayar dukiya na 1086 da ake kira Domesday. Talakawa sun daɗe ba su bi sahu ba. Abu biyu suka tura su. Na farko, sunayen yanka sun ƙaranta. Tsofaffin sunayen Ingilishi suka ɓace, John da William da Robert da Richard da Thomas suka mamaye ko'ina. Kai malamin makaranta ne, ka san abin da ke faruwa in ka kira Muhammad a aji mutum bakwai suka miƙe. Na biyu, takarda ta yawaita: kotun gandu, yarjejeniyar haya, wasiyya, uwa uba haraji. Magatakarda ba zai rubuta John kawai ba, dole ya ce wane John. Sai ya rubuta ɗan wane ne, ko daga ina yake, ko yaya kamanninsa, ko mece ce sana'arsa. Waɗannan huɗun su ne tushen kusan duk sunayen iyali na Ingila.

A takardun ƙarni na 13 sunan yana fitowa a matsayin le Walkere. Wannan le ɗin Faransanci ne, yana nuna ana nufin mai sana'ar ne shi kansa. A hankali le ya faɗi. Alamar da masu bincike suke nema ita ce ranar da za su ga an rubuta mutum Walker, a gefe kuma an ce sana'arsa ƙira ce ko noma. Daga nan sun san sunan ya rabu da aikin, ya zama na gado. A kudancin Ingila wannan ya kankama wajen 1350, arewa ta ɗan makara har zuwa bayan 1400, mutanen Wales kuwa sun ci gaba da ɗan wane ɗan wane na ƙarnoni bayan haka.

Mafi kyawun madubin wannan zamani shi ne takardun harajin kai na 1377 da 1379 da 1381. A na farko, kwabo huɗu aka ɗora wa duk wanda ya kai shekara 14. A na ukun aka ninka shi uku ya zama sule guda, a ƙasar da annobar 1348 ta riga ta kwashe jama'a. Talakawa suka yi bore, suka shiga Landan a 1381, jagoransu Wat Tyler, wanda shi ma sunansa na sana'a ne, mai rufin ɗaki da tayil. Masu karɓar harajin sun sha tsinuwa, amma mu masu bin diddigin suna muna sa musu albarka, domin sun bi ƙauye ƙauye sun rubuta mutane. Na yammacin Yorkshire na 1379 ya tsira da kyau, kuma Walker na nan birjik a cikinsa.

Mu a nan ba baƙin wannan ba ne. Bahaushe yana da Audu Maƙeri da Sani Wanzam da Garba Dukawa a bakinsa, yana da unguwannin Maƙera da Marina da Soron Ɗinki. Da makarantar boko ta zo da rajista, ita ma ta nemi suna na biyu, yara da yawa aka liƙa musu sunan garinsu, shi ya sa muke da Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Bambancin shi ne mu galibi sunan uba muke ɗauka, jika ya sauya, nasu kuwa ya daskare a wuri ɗaya tun ƙarni na 14.

Ga wani abin mamaki: lokacin da sunan yake daskarewa, aikin ƙafar ya riga ya fara mutuwa. Tun 1185 wani lissafin dukiyar ƙungiyar mayaƙan Kirista ta Templars ya ambaci injinan tattaka guda biyu, ɗaya a Newsham kusa da Leeds, ɗaya a Barton ta Gloucestershire. Injin ba wani abu ba ne illa babbar taya ta katako da ruwan rafi ke juyawa, ita kuma tana ɗaga manyan taɓare biyu suna faɗawa kan ƙyallen bi da bi. Mutum ɗaya yana tsaye yana juya ƙyallen yana ƙara ruwa, ya yi aikin mutane da yawa. Masu tattakawa da ƙafa na birane ba su ji daɗi ba, har a Landan aka yi dokar hana kai ƙyalle injinan bayan gari a ƙarshen ƙarni na 13. Dokar ba ta tare komai ba. Sana'ar ta bi ruwa, ta koma kwarurrukan da rafi ke gudu da ƙarfi a Yorkshire da yammacin ƙasar. Wata masaniyar tarihi, Eleanora Carus-Wilson, ta kira wannan juyin masana'antu na ƙarni na 13 a wani rubutu da ta yi a 1941. Wasu sun ce ta ɗan zuzuta, ni ma ina ganin haka, amma ƙaurar sana'ar gaskiya ce. Mai kula da injin ya ci gaba da amsa sunan Walker ko da ƙafarsa ba ta taɓa ruwa ba, wurare da dama a arewa kuma har yau sunansu Walkmill. Sarki Edward na Uku, wanda ya yi mulki daga 1327 zuwa 1377, ya gayyato masaƙa daga Flanders, yankin Beljiyam ta yau, don Ingila ta daina sayar da ɗanyen ulu ta koma sayar da ƙyalle. Har yanzu shugaban majalisar dattawan Birtaniya a kan matashin da aka cusa wa ulu yake zama.

Inda aikin hannu ya fi daɗewa shi ne tsibiran Hebrides na yammacin Skotland. Can mata ne suke yi, su zauna kewaye da dogon katako, su jiƙa ƙyallen, kowace ta buga ta miƙa wa ta gefenta, ɗaya tana ba da waƙa sauran suna amshi. Duk wanda ya tashi a gidan da ake lugude da waƙar daka ya san abin da nake nufi. Sun yi ta yin haka har tsakiyar ƙarni na 20. A harshensu na Gaelic akwai suna Mac an Fhucadair, wato ɗan mai tattaka, kuma da yawa daga masu shi sun fassara shi suka koma Walker.

Wannan ya kawo mu tambayarka ta biyu, amsarta kuwa a'a ce, babu kwana-kwana. Kowane gari mai saƙa yana da mai tattakarsa, kamar yadda kowane gari yake da maƙerinsa. Sunan ya tsiro a wurare barkatai a lokaci guda, tsakanin mutanen da ba su taɓa jin labarin juna ba. Shi ya sa yake cikin sunaye ashirin mafiya yawa a Ingila. Akwai ma waɗanda nasu ba na sana'ar ba ne sam. A gabashin Newcastle akwai unguwa mai suna Walker, kusa da ƙarshen ganuwar da sarkin Rum Hadrian ya gina, kuma ma'anarta fadamar da ke jikin ganuwa. Wanda ya fito daga can aka kira shi da sunan garinsu, ba shi da haɗi da kwami. Akan kuma ce wasu masu gadin daji ne da ke zagaya yankinsu a ƙafa. Ko da an samu irinsu, 'yan kaɗan ne, ba su za a ba wa sunan ba.

Sai kuma hanyar da ta fi ɗaci. Sunan ya haye teku da Turawan da suka je Amurka da tsibiran Karibiyan, a can kuma ya hau kan 'yan Afirka da aka bautar. Wasu sunan ubangidansu aka liƙa musu, wasu su suka zaɓa da kansu bayan an soke bauta, a 1834 a ƙasashen da Birtaniya ke mulka, a 1865 a Amurka. Akwai wani bawa a Massachusetts, Quock Walker, wanda ya kai ƙara yana neman 'yancinsa a 1781, shari'ar da ta taimaka wajen kawo ƙarshen bauta a jihar a 1783. Quock ɗin nan Kwaku ne na mutanen Akan na Gana, wanda aka haifa ran Laraba, wato Balarabe. Dubi sunan da kyau: rabi daga gaɓar Gana, rabi daga Ingila. Madam C. J. Walker kuwa, baƙar fatar da ta yi arziki da man gashi ta rasu a 1919, sunanta na yanka Sarah Breedlove, Walker na mijinta ne da ta aura a 1906. A wajen tsohon shugaban Amurka George Herbert Walker Bush, sunan kakansa ne na wajen uwa. Tucker ma ya zo kusa da mu: a yankin Sherbro na Saliyo akwai babban gida mai wannan suna, zuriyar wani ɗan kasuwar Ingila da ya auri 'yar sarautar wurin a ƙarni na 17.

Shi Kyle Walker ɗin a Sheffield ta Yorkshire aka haife shi a 1990, wato a tsakiyar ƙasar Walker. Mai gaggawa zai ce shi ke nan, jikan masu tattakar Yorkshire ne. Amma mahaifinsa ɗan asalin Jamaika ne. Sunan ya fita daga Ingila ya zaga duniya ya dawo gida ke nan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka haɗarin yanke hukunci daga suna.

In tsohon abokin aikin naka yana son sanin nasa reshen, ma'anar suna ba za ta kai shi ko'ina ba, sai ya bi takarda daga kansa ya yi baya, uba bayan uba. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta fara a Ingila ran 1 ga Yuli 1837. Ƙidayar 1841 ita ce ta farko da ta rubuta sunan kowa a gida. Kafin nan sai littattafan coci, waɗanda Thomas Cromwell, babban ministan sarkin Ingila, ya ba da umarnin a fara ajiyewa a 1538, kodayake da yawa daga na farkon sun lalace ko sun ɓace. Mai suna irin Walker yana shan wuya a nan fiye da mai baƙon suna, don a ƙauye ɗaya zai iya tarar da John Walker uku a shekara ɗaya, dole ya nemi wasiyya ko takardar haya ta raba masa su. Rubutun ma ba ya tsayawa wuri ɗaya, yau Walkar gobe Walcar, yadda kunnen limamin cocin ya ji. Kuma ka gaya masa ya riƙe kuɗinsa in ya ga masu tallar tambarin gidan Walker a intanet, da garkuwa da zaki da kirari. A dokar Ingila, mutum ɗaya ake ba wa tambari shi da magadansa, ba a ba wa suna. Hukumar da ke kula da wannan a Landan tana nan tun 1484, in tambarin nasu ne na gaske, to yana cikin littafinta.